Mai Layi da Mabuɗin Surukinta

A ƙarshen barandar ginin mulki na jami'ar, bayan an wuce ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya wanda har yau ake kira ɗakin layi. Ya fi ko'ina sanyi a ginin, ba don jin daɗin mutane ba, sai don na'urorin da ke jere cikin akwatin ƙarfe suna ƙyafta ƙananan fitilu. A nan wata mata ta ƙarar da ƙuruciyarta, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Mai Layi kowa yake ce mata, tun daga shugaban jami'a har mai gadin ƙofa.

Ta shigo ɗakin tana budurwa, lokacin babu abin da ke ciki sai wani allon katako mai ramuka da igiyoyi masu bakin tagulla. Kira ya shigo, ta ɗauka ta ce, "Ɗakin layi, wa ke magana?" In ta ji, sai ta zaro igiya ta soka a ramin ofishin da ake nema. Ta san muryar kowa. Ta san wanda ke da mura, ta san wanda ya fito gida da ɓacin rai, amma ba a taɓa jin maganar da ta shiga kunnenta ta fito ta bakinta ba. Da aka kwashe allon aka kawo kwamfutoci, abokan aikinta suka roƙa a mayar da su ofishin buga takardu. Ita kuwa ta ce ba ta ga abin gudu ba, igiya ce dai, sirancewa kawai ta yi. Ta shiga kwas ta faɗi, ta sake shiga ta ci. Daga baya igiyar ma ta ɓace, intanet ya koma tafiya ta iska, ta sake bin sa can. Ko da yaushe takan ce aikin bai canja ba: ka san mai magana, ka sada shi da wanda yake nema, ka kame bakinka.

A cikin jami'ar ta yi aure. Mijinta malamin lissafi ne a wata sakandare, mutum mai barkwanci wanda bai iya riƙe fushi ba. Mahaifinsa shi ne dattijon da ke riƙe da laburaren jami'ar, kowa na ce masa Baban Laburare. Tun ranar da ta shiga gidansu ba ta taɓa ambatar sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. In sun gamu a baranda takan durƙusa ta gaishe shi da 'yan kalmomi, shi kuma ya amsa yana duban bango. Wuri ɗaya kaɗai kunyar nan take sassautawa, wato a waya. In ya ɗaga kan wayar ofishinsa ya ce, "Ɗakin layi?" sai ta amsa da cikakkiyar murya, "Ranka ya daɗe, da wa za a haɗa ka?" A can ita ma'aikaciya ce, shi ma ma'aikaci, kuma ba su taɓa zama sun shirya hakan ba.

Baban Laburare mutum ne da baƙo ba ya wuce shi. Masu bincike sukan zo daga nesa don tsofaffin rubuce-rubucen da ke ɗakin ciki, shi kuwa ya ba su kujerarsa, ya sa a dafa musu shayi, ya raka su har bakin kantar laburare. Da aka kawo intanet marar waya aka ba kowane ma'aikaci sunan shiga da kalmar sirri, sai ya ɗauki nasa a matsayin wani abin tarbar baƙi. Mabuɗi yake ce masa. Baƙo na buɗe kwamfuta zai miƙa hannu ya ce, "Kawo nan, ɗana," ya gyara tabarau, ya buga mabuɗin da yatsa ɗaya. An sha faɗa a taron ma'aikata cewa ba a ba da aron kalmar sirri. Shi dai amsarsa guda ce: "Abin nan iska ce. Wa ya taɓa yin rowar iska?" Mai Layi ta sani sarai, amma ta kawar da kai, don a lokacin mabuɗin ba ya buɗe komai bayan katangar jami'ar.

Ana nan sai labari ya zo cewa jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasashe da dama sun haɗa kai a kan wani tsari. Malami ko ɗalibi zai ƙetare iyaka, ya shiga wata jami'a, ya buɗe kwamfutarsa, ya hau intanet da sunansa na gida, ba tare da ya bi ofis-ofis yana neman izini ba. Mai Layi ta daɗe tana jin ƙorafin ɗaliban da ake turawa bincike waje, yadda mutum kan cinye rabin zamansa yana jiran wani jami'i ya dawo daga taro. Saboda haka ta tsaya kai da fata sai an shiga. Ranar da aka kira ta gaban kwamiti ta yi bayani, ba ta kawo manyan kalmomi ba.

"Kamar baƙo ne ya yi sallama a ƙofarka," in ji ta. "Ka ce masa, ɗan gidan wa? Ya faɗa. Sai ka aika gidan nasu a tambayo, wannan naku ne? In suka ce namu ne, ka shimfiɗa masa tabarma. Bambancin kawai, a nan ɗan aiken na'ura ce, kafin ka ƙyafta ido ya je ya dawo. Sirrin baƙon ma ba ka gani, gidansu kaɗai ke dubawa. Amma duk abin a kan gaskiya ya tsayu. In muka ce namu ne, to lallai ya zama namu."

Aka amince. Ta yi watanni tana gyare-gyare tare da wata mata da ke babban ofishin tsarin a ƙetaren iyaka. Ba su taɓa ganin juna ba, amma yawan waya ya sa sun koma kiran juna ƙawa. Daga ƙarshe aka saka jami'ar a matakin gwaji, ma'aikata suka laƙaba wa abin suna layin zumunta, Mai Layi kuma ta riƙa tafiya a baranda kamar wadda aka yi wa albishir.

Farin cikin bai yi nisa ba. Wata safiya wayar ta yi ƙara.

"Ƙawa," in ji matar babban ofis, "ashe waliyyi gare ku ba ki faɗa mini ba?"

"Wane irin waliyyi kuma?"

"Wanda ya yi karatu a ƙasashe uku da safiyar nan, kuma ga shi zaune a laburarenku. Ni dai a roƙa mini shi ya sa ni a addu'a." Sai ta karanto sunan.

Mai Layi ta ji sunan surukinta ne. Nan take ta gane abin da ya faru. Baƙin da dattijon ya buga wa mabuɗinsa sun koma garuruwansu, kwamfutocinsu ba su manta ba. A da mabuɗin ba shi da amfani a can. Yanzu da aka haɗa layi, duk inda suka buɗe kwamfuta sai ta yi sallama da sunansa, na'urar Mai Layi kuma ta amsa cewa namu ne.

"Kin san shi?"

"Na san shi. Kakan yarana ne."

Matar ta yi dariya har da tari, sannan ta gyara murya. "Ki yi haƙuri, ƙawa, amma ƙa'idar ba ta san surukuta ba. Suna ɗaya, mutum ɗaya. In wani ya yi ɓarna da sunan nan, wa za mu kama? Ki gyara kafin ƙarshen mako. In ba haka ba, sai na cire jami'arku gaba ɗaya, kuma kin san komawa ba sauƙi."

Gyaran kansa ba wani aiki ba ne. Da yatsa ɗaya za ta iya kashe tsohon mabuɗin daga inda take zaune. Amma sai ta hango dattijon ya karɓi kwamfutar baƙo, ya gyara tabarau, ya buga, na'ura ta ƙi shi, ya sake bugawa ta sake ƙi, baƙon na kallo. Kuma ko an ba shi sabon mabuɗi, gobe zai ba wani. Dole a yi masa magana, maganar kuwa ba ta bakinta ba ce.

Da yamma ta sami mijinta a tsakar gida yana duba takardun jarrabawar ɗalibansa, ta zayyana masa komai.

"Ke da maɓalli ke hannunki," ya ce, "ki danna kawai, ki ce na'ura ce ta sami matsala."

"In yi wa Baba ƙarya?"

"To ni in je in ce masa alherinsa ya yi yawa, ya rage? Ni da har yau in ya kira ni sai na duba ko hulata ta karkace?"

"Malam, ɗansa ne kai."

"Shi ya sa na fi ki sanin abin tsoro."

Duk da haka ya tafi washegari. Ya daɗe, ya dawo yana murmushi, ya ce sun yi hira mai daɗi ƙwarai, har sun yanke shawarar a sake rufin ɗakin baya kafin damina.

"Maganar mabuɗin fa?"

"Na kusa," in ji shi. "Wallahi na kusa."

Rana ta gaba ta gyara mayafinta ta nufi laburare da kanta. Ta wuce teburan karatu, ta wuce kantocin mujallu, ta durƙusa a bakin ƙofar ofishinsa ta gaishe shi. Ya tambayi yara, ta ce suna lafiya. Ya tambayi aiki, ta ce da godiya. Maganar mabuɗin kuwa ta kasa kawo ta. Shi kuwa yana ta goge wata kujera da hankici, yana faɗa wa bango cewa gobe wata farfesa za ta iso daga ƙetare don duba rubuce-rubucen ɗakin ciki. Mai Layi ta yi sallama ta fito.

Ta koma ɗakinta ta zauna. A gefen teburin akwai tsohuwar baƙar wayar cikin gida, wadda ta hana a kwashe lokacin da aka kwashe allon katako. Ta dube ta, ta ɗaga, ta buga lambar laburare.

"Ranka ya daɗe, ɗakin layi ne."

Rabon da ya ji wannan gaisuwa an daɗe. "Ina jin ki, ɗakin layi."

Muryar aiki ta dawo mata. Ta faɗa masa komai bi da bi, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba: yadda sunansa ke yawo a ƙasashe, yadda na'urarta ke shaidar mutanen da ba ta sani ba, da wa'adin da aka ba ta.

"Wato alherin da na yi wa baƙi shi zai rufe wa ɗalibanmu ƙofa," in ji shi a hankali.

"Ba alherin ba ne, ranka ya daɗe. Hanyar da yake bi ce ta tsufa."

"To baƙo ya zo wurina in naɗe hannu? Ya tsaya yana rarraba ido kamar wanda ya ɓata a tasha?"

"Ba zai tsaya ba. Gidansu za a tambaya, su shaide shi, ƙofa ta buɗe da kanta."

"Hm. Gani ya kori ji. Gobe farfesar nan za ta zo. Zan riƙe hannuna. In ta shiga ba da ni ba, ki karɓi mabuɗin. In ta tsaya, zan buga mata, sai dai a cire mu." Kafin ta amsa ya ci gaba. "Saura tambaya guda. Wanda ke da gida an tambayi gidansu. Wanda ba shi da jami'a fa? Tsofaffin malaman makaranta da ke zuwa nan karanta jarida, da mai ɗinkin nan da ke binciken tarihin kakanninsa, su wa za a tambaya? Ko layin naku na masu gata ne kaɗai?"

Duk watannin nan hankalinta na kan masu ƙetare iyaka, ba ta tuna da waɗanda ke ƙetare titi kawai ba.

"Ban yi tunaninsu ba, ranka ya daɗe," ta ce.

"To ki yi."

Ta yi kuwa. Kafin a tashi aiki ta nemi izini ta shirya wata ƙofa daban ta baƙin laburare, wadda ba ta taɓa layin zumunta: mabuɗi na yini ɗaya, mai aiki a cikin ginin kaɗai, kuma daga hannun Baban Laburare za a riƙa karɓa.

Washegari da hantsi farfesar ta iso, doguwar mace mai saurin magana, jaka a kafaɗa. Dattijon ya ba ta kujerar da ya goge. Mai Layi ta raɓe a bakin ƙofa kamar mai jiran saƙo. Farfesar ta ciro kwamfuta ta buɗe. Hannun dattijon ya ɗaga da kansa, ya tuna, ya mayar da shi baya ya damƙe da ɗayan. A kusurwar allon wata 'yar alama ta fara juyawa. Mai Layi ta san a daidai wannan lokaci tambayar ta fita daga ɗakinta, ta ƙetare iyaka, tana ƙwanƙwasa ƙofar wata jami'ar da ba ta taɓa gani ba. In na'urar can tana barci, ko wutarsu ta ɗauke, shi ke nan. Alamar ta ci gaba da juyawa. Dattijon ya yi gyaran murya, yatsunsa na motsi a bayansa.

"Ai har na shiga," in ji farfesar, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Baba, ina rubuce-rubucen suke?"

Dattijon ya leƙa allon ta saman tabarau, ya daɗe yana kallo. "Ikon Allah," ya ce. "To ko shayi za ki bari in ba ki, 'yata, ko shi ma gidanku za su aiko?"

Farfesar ta fashe da dariya ta ce shayin dai na mai masauki ne. Shi kuwa ya juya wajen bango ya ce, "Wanda ke da aiki a ɗakinsa ya koma, za a kira."

Mai Layi ta koma ɗakinta, ko zama ba ta yi ba baƙar wayar ta yi ƙara.

"Ɗakin layi? A canja mabuɗin."

Ya zo da kansa ya buga sabon, da yatsa ɗaya kamar kullum, ita kuwa ta juya fuskarta ga taga har ya gama. Kafin azahar waliyyin ya daina bayyana a ƙasashe. Matar babban ofis ta kira ta ce, "Ƙawa, na ga malaminku ya dawo gida. Ki gaishe shi, ki ce mun gode." Ba da daɗewa ba aka cire jami'ar daga matakin gwaji, ta zama cikakkiyar 'yar gida.

Tsofaffin baƙin suka fara bugo wa dattijon waya suna cewa mabuɗin ya daina aiki. Ba ya ba su haƙuri. Yakan ce, "Ka je ka shiga da sunanka, jami'arku ta shaide ka. In ba ta shiga layin ba, ka ce su nemi ɗakin layinmu, akwai wadda za ta koya musu." Tsofaffin malamai da mai ɗinki kuwa suka ci gaba da zuwa, yana miƙa musu mabuɗin yini da hannu biyu kamar mai raba kyauta.

Shekarar da zai ajiye aiki, farfesar nan ta gayyace shi jami'arsu ya duba musu wasu tsofaffin takardu. Bai taɓa ƙetare iyaka ba. Ɗansa ya raka shi tasha yana ta jaddada masa inda zai sa fasfo, har dattijon ya ce, "Kai da ka kasa kawo mini saƙo ɗaya, yau kai ne mai ba ni shawara?" Malamin lissafi ya shafa hularsa.

Ranar da ake sa ran ya isa, Mai Layi na zaune gaban allonta, inda tambayoyin jami'o'i ke wucewa ɗaya bayan ɗaya kamar tururuwa. Ta saba ba ta karanta su. Ran nan ta karanta. Wajen la'asar ta ga wata tambaya ta taso daga ƙetare, da sunan nan da ba ta taɓa furtawa ba: wannan naku ne? Na'urar ta amsa kafin ta ƙyafta ido, amma duk da haka ta buɗe baki, ita kaɗai a ɗakin, ta ce, "Namu ne."

Can sai wayar hannunta ta yi ƙara. Kira ne ta intanet, muryar na zuwa tar kamar daga laburare.

"Ɗakin layi?"

"Ranka ya daɗe."

"Na shigo, ban tambayi kowa komai ba. Na buɗe abin nan kawai sai ga ni a ciki. Wani yaro ya taso zai taimake ni, na ce masa ya zauna, an san ni." Sai ya ƙara da cewa, "Yaron ya ce wa na sani a nan. Na ce ba a nan ba ne, a gida ne. 'Yata ce ke riƙe da layin."

Mai Layi ta nemi muryar aiki ta amsa masa, ba ta same ta ba. Ta sunkuyar da kai kamar yana tsaye a gabanta, ta ce, "A sauka lafiya, Baba." Sannan ta goge ido da gefen mayafi ta koma kan allon, don wata tambayar ta riga ta shigo, ta wani ɗalibi da ya isa wata ƙasar yana jira a shaide shi.